Garin Neman Ƙiba Muka Samo Rama

Mun daɗe muna shawara a tsakaninmu, mu biyu, maigida da uwargida, ko mu rubuta wannan labari ko mu bar shi a cikin gida. Abin kunya ne mutum ya faɗa wa jama'a cewa da hannunsa ya kusa hallaka uwarsa. Amma mun ga irin kwalbar da ta jawo mana wahala a kan tebur a gidajen dangi da abokai da yawa, har muka ga yin shiru zai zama mana laifi na biyu. Saboda haka, 'yan'uwa masu karatu, ga abin da ya same mu, kamar yadda ya faru.

Mama, mahaifiyar maigida, ta haura shekara saba'in. Tun da Baba ya rasu take zaune tare da mu. Mace ce mai ƙwazo. Ita take tsince wake, ita take lura da kaji, ba ta kuwa yarda jikoki su tafi makaranta ba su leƙa ɗakinta sun gaishe ta ba. Damuwarta ɗaya ce, ciwon gwiwa da na baya, musamman da hunturu. In ta zauna a tabarma, ba ta iya tashi sai ta dafa bango.

Yadda kwalbar ta shigo gidanmu

Ƙanwar maigida tana aiki a Ingila. Wata rana muna magana ta waya, sai ta ji Mama tana nishi, ta tambayi dalili, muka gaya mata. Ta ce a can mutane da yawa suna shan bitamin D, hukuma ma takan shawarce su su sha a watannin sanyi, domin yana ƙarfafa ƙashi. Gaskiya ta faɗa. Ana ba da wannan shawara a Ingila, gama daga Oktoba zuwa Maris ranarsu ba ta da ƙarfin da fatar mutum za ta yi bitamin D da ita. Amma abin da ake ce musu su sha kaɗan ne ƙwarai. Ita ba ta ambaci yawan ba, mu kuma ba mu tambaya ba. Dā ma tun annobar korona ta 2020 muke jin sunan wannan bitamin a bakin mutane, ana cewa yana tsare jiki daga kowace cuta. Maganarta ta tarar da mu mun riga mun yarda.

Kashegari maigida ya tsaya a wani kemis a bakin kasuwa. Ya ce wa yaron shagon, "Bitamin D nake so na tsohuwa. Ka ba ni mai kyau, kada ka dubi kuɗi." Yaron ya jera kwalabe uku, ya nuna ta ƙarshe, ya ce, "Baba, wannan ta fi su duka ƙarfi." A jikinta an rubuta 50,000 IU. Ya haɗa masa da ƙwayoyin kalsiyam, wato sinadarin da ake gina ƙashi da shi, ya ce tare suke tafiya. Maigida ya komo gida da murna, yana ganin ya yi wa uwarsa abin da ya kamaci ɗa.

Bayan Kirsimeti muka fara. Kowace safiya bayan kunu, kafso ɗaya da ƙwayar kalsiyam ɗaya. Uwargida ta ɗauki wannan aiki, ba ta kuwa taɓa mantawa ba ko sau ɗaya. Kafson ƙarami ne mai launin zuma, yara suka sa masa suna ƙwan kifin Kaka. Da kwalba ta ƙare, muka sayo wata.

Alamun da muka yi wa mummunar fassara

Wajen watan Maris Mama ta fara ƙishirwa marar misali. Muka ce bazara ce. Ta shiga tashi fitsari sau huɗu, sau biyar kafin gari ya waye. Muka ce ai mai shan ruwa da yawa dole ya yi fitsari. Wata maƙwabciya ta ce ciwon sukari ne, muka kai ta aka gwada, aka ce babu. Daga nan bayan gida ya ƙi fita sai bayan kwana uku ko huɗu. Tuwo ya fita ranta, ko miyar kuka da take ƙauna sai ta ture. Ta fara amai. Muka sayo maganin zazzaɓin cizon sauro, da bai yi ba muka sayo na taifot.

Abin da ya fi ba mu ciwo yanzu in mun tuna shi ne wannan: da muka ga ƙarfinta yana raguwa, sai muka ƙara himma wajen ba ta kafson. Ran da ta amayar da shi, uwargida ta sake ba ta wani da rana, domin kada ta rasa abin da zai riƙe ta.

Sai wata Lahadi da yamma ta dubi maigida, ɗanta na fari, ta kira shi da sunan ƙanenta wanda ya rasu shekaru talatin da suka wuce. Ta tambaye shi ko an kai shanu rafi. Muka dubi juna. Wasu dangi suka ce tsufa ne, ruɗewa ta zo, sai haƙuri. Mu ma mun kusa yarda. Da dare ya yi ta kasa tsayawa da ƙafafunta, muka nemi mota muka kai ta babban asibiti.

"Wane magani take sha?"

Likita ya duba ta, ya ce jikinta ya bushe, aka sa mata ƙarin ruwa, aka ɗebi jini. Ya tambaye mu, "Akwai maganin da Mama take sha a gida?" Muka ambaci na zazzaɓi da na taifot. Ya ce, "Shi ke nan?" Muka ce shi ke nan. Ba ƙarya muka yi niyyar yi ba. A tunaninmu bitamin abinci ne, ɗan'uwan lemo da madara, bai shiga lissafin magani ba.

Kashegari sakamakon jini ya fito. Kalsiyam ya hau ƙwarai, ƙodarta kuma ta raunana. Likita ya kira mu gefe, ya ce a tsoho irin wannan yakan sa su nemi ciwon daji ko cutar wasu ƙananan ƙwayoyin nama da suke a wuya, za su yi waɗansu gwaje-gwaje masu tsada. Gabanmu ya faɗi. Muna tsaye a bakin gado muna lissafin abin da za mu sayar, sai autarmu, wadda ta kawo abinci tare da yayarta, ta ce, "Mama, yau ba a ba Kaka ƙwan kifinta ba." Wata nas da take gyara robar ƙarin ruwa ta juyo ta ce, "Wane ƙwan kifi?" Muka bayyana mata muna ɗan murmushi. Ita ba ta yi murmushi ba. Ta ce, "Maigida, don Allah ka je gida yanzu ka kawo kwalbar."

Da likita ya karanta jikin kwalbar, ya tambayi sau nawa a mako. Uwargida ta ce kowace rana. Ya tambayi tun yaushe. Muka ce wata uku da ɗoriya. Ya ajiye biro, ya yi shiru kaɗan, sa'an nan ya ja kujera ya zaunar da mu. Bai yi mana faɗa ba. Ya ɗauki takarda ya yi mana lissafi.

Haruffan nan IU awo ne na ƙarfin bitamin. Masana a Amurka sun tsayar a shekarar 2010 cewa jariri yana bukatar 400 a rana, yaro da babba har zuwa shekara saba'in 600, wanda ya wuce saba'in 800. Sun kuma sa iyaka, cewa babba kada ya wuce 4,000 a rana in ba likita ne ya sa shi ba. Abin da ake shawartar mutanen Ingila su sha da sanyi 400 ne, wanda akan rubuta maikirogiram 10. Mu kuwa 50,000 muke ba Mama kowace safiya. Ya ninka bukatarta fiye da sau sittin, ya ninka iyakar fiye da sau goma sha biyu. Irin wannan kafso, in ji likita, an yi shi ne domin wanda aka auna jininsa aka ga ya rasa bitamin D, a ba shi ɗaya a mako, wajen mako takwas, sa'an nan a sake dubawa. Abin da ya isa mako guda muka riƙa ba ta kullum.

Abin da ya sa yawansa yake cutarwa

Mun tambaya, ashe ba a ce in bitamin ya yi yawa jiki yakan fitar da shi ta fitsari ba? Likita ya ce haka ne ga waɗansu, kamar bitamin C na lemo, gama a ruwa suke narkewa. Bitamin D a mai yake narkewa. Jiki yakan ajiye shi a kitse, hanta ta juya shi, ƙoda ta ƙarasa juya shi. Wanda aka sha yau yakan tarar da na jiya da na makon jiya bai tafi ba.

Aikinsa kuwa shi ne ya buɗe wa kalsiyam hanya daga hanji zuwa jini. In daidai yake, ƙashi yakan sami abin gini. In ya yi yawa, kalsiyam ya cika jini, har ma a riƙa zare shi daga ƙashin da ake son ƙarfafawa. Kalsiyam mai yawa yakan hana ƙoda riƙe ruwa, shi ya sa fitsari da ƙishirwa. Jiki ya bushe, bushewar ta ƙara raunana ƙodar, ƙodar ta kasa fitar da kalsiyam, abin ya yi ta zagayawa. Shi ne yake sa hanji ya yi nauyi, shi ne yake ruɗa tunani. Yana iya zama tsakuwa a ƙoda, yana iya ɓata bugun zuciya. Kowace alama da muka ɗora wa bazara da sauro da tsufa, tana cikin wannan jeri.

Muka ce, to, rana fa, tun da ita take sa fata ta yi wannan bitamin? Ya ce manomi da ya wuni a gona ba zai taɓa samun wannan ciwo daga rana ba, domin fata in ta yi abin da ya isa sai ta daina. Abinci ma da wuya ya kai mutum can. Daga kwalba haɗarin yake zuwa.

Ba mu ne na fari ba

Daga baya muka karanta, muka ga har hukumomi da kamfanoni sun taɓa faɗawa wannan rami. A Ingila cikin shekarun 1950 an riƙa ƙara bitamin D a madarar gari da abincin jarirai da kyakkyawar niyya, sai aka fara ganin jarirai masu yawan kalsiyam a jini, ba sa girma, har hukuma ta rage yawan a 1957. A Amurka, a 1992, likitoci sun ba da labarin mutum takwas da suka kamu da wannan ciwo, aka bi sawu aka tarar duk madarar gidan nono guda suke sha, inda ake zuba bitamin D fiye da ƙima. A Denmak a 2016 an janye wani ruwan ɗigo na jarirai daga kasuwa, domin ƙarfinsa ya ninka abin da aka rubuta a kwalbar sau 75. A Ostareliya kuma, a wani bincike da aka buga a 2010, an ba tsofaffin mata fiye da dubu biyu ko dai 500,000 IU sau ɗaya a shekara ko kuwa ƙwaya marar magani. Waɗanda suka sha bitamin ɗin sun fi sauran faɗuwa da karaya.

Maganar cewa yana tsare mai lafiya daga kowace cuta ma an gwada ta. A Amurka an bi mutum fiye da 25,000 wajen shekara biyar, rabinsu suna shan 2,000 IU a rana. Sakamakon da ya fito a 2018 bai nuna ya rage kamuwa da ciwon daji ko ciwon zuciya ba, na 2022 kuma bai nuna ya rage karaya ba. Wanda ya rasa bitamin D lalle yana amfana in an ba shi. Wanda yake da isasshe, ƙari bai daɗa masa kome ba.

Ɗakin da ba mu san da shi ba

Mama ta yi mako biyu a asibiti, ana ƙara mata ruwa, ana ba ta magungunan saukar da kalsiyam. A rana ta biyar ta dubi maigida ta kira shi da sunansa, ta tambaya wa yake ba kajinta dusa. Mu biyu muka fita baranda muka yi kuka.

Kafin a sallame mu, likita ya aike mu wani ƙaramin ɗaki a bayan sashen masu zuwa su koma, wurin wata ma'aikaciya da ta karanci ilmin abinci da lafiya. Shekaru muna shiga wannan asibiti ba mu san akwai irin wannan ma'aikaciya ba. Ba ta fara da ba mu shawara ba. Tambayoyi ta yi ta yi. Me Mama take ci da safe, da rana, da dare? Tana fita tsakar gida? Tana shan maganin hawan jini? Ta taɓa yin tarin tibi ko ciwon ƙoda? Ta bayyana mana cewa akwai maganin hawan jini mai sa fitsari wanda yake riƙe kalsiyam a jiki, akwai kuma maganin zuciya da yake zama haɗari in kalsiyam ya hau, masu tarin tibi kuwa waɗansunsu ko ɗan bitamin D kaɗan yakan ɗaga musu kalsiyam. A nan muka ga bambancin mai sayarwa da mai ba da shawara. Yaron kemis tambaya ɗaya bai yi ba. Ba mu riƙe shi a zuciya, gama abin da aka roƙe shi ya bayar.

Ta ce tsohuwar da take wuni a tsakar gida tana bin kaji, da wuya a ce rana ta gaza mata. Ciwon gwiwar Mama, bisa ga hoton da aka ɗauka, gaɓoɓi ne suka cinye saboda shekaru da aiki, bitamin D ba ya gyara wannan. Amma ta gargaɗe mu kada mu koma ɗaya gefen mu ce ba wanda yake bukatarsa a ƙasar rana. Baƙar fata ta fi farar fata daɗewa kafin ta yi wannan bitamin. Tsohon da yake kwance a ɗaki, da macen da ba ta fita ko take rufe jikinta duka, da jaririn da nonon uwa kaɗai yake sha, suna iya rasa shi, nonon uwa kuwa ba shi da bitamin D da yawa. Irin waɗannan ma'aikacin lafiya zai faɗi abin da za a ba su, da yawansa, da ranar dainawa. Ta kuma lissafa mana inda ake samunsa a abinci: kifi mai mai irin na gwangwani, da gwaiduwar ƙwai, da hanta.

Yaron maƙwabta

Ba a jima da komowarmu gida ba, wata maƙwabciya ta shigo gaishe da Mama, goye da ɗanta mai shekara uku wanda ƙafafunsa suka lanƙwashe kamar baka. Ta ce an gaya mata rashin bitamin D ne, ta ji muna da sauran kwalba, ko za mu taimake ta. Jikinmu ya yi sanyi. Kafso guda na wannan kwalba ya fi abin da yaro kamarsa yake bukata cikin wata biyu.

Muka raka ta wurin ma'aikaciyar nan. A can muka ji wani abu da ya kamata kowane gida a ƙasarmu ya sani. A ƙasashen sanyi, lanƙwashewar ƙafar yara yawanci daga rashin bitamin D take. Amma a Jos, Dokta Tom Thacher da abokan aikinsa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos sun gwada yara 123 masu wannan ciwo, aka buga sakamakon a 1999. Sun raba su kashi uku: waɗansu aka ba su bitamin D, waɗansu kalsiyam, waɗansu duka biyu. Waɗanda suka sami kalsiyam, ko shi kaɗai ko tare da bitamin D, sun fi warkewa a kan waɗanda aka ba bitamin D kaɗai. Yaran suna samun rana, abin da abincinsu ya gaza shi ne kalsiyam, wajen miligiram 200 kawai a rana, bai kai rabin bukatar yaro ba. Tuwon masara da kunu suna cika ciki, amma ba su da abin gina ƙashi sosai. Aka tura yaron wurin likita aka duba shi, aka rubuta masa magani daidai da shekarunsa, aka kuma koya wa uwarsa ta riƙa ba shi nono da kindirmo, ta daka ƙananan busassun kifi da ƙashinsu ta zuba a miya, ta yawaita kuka da zogale da riɗi. Da mun miƙa mata kwalbar nan don tausayi, da mun ba ta abin da zai iya lalata ƙodar ɗanta, ƙafar kuma ba lalle ta miƙe ba.

Abin da muke roƙonku

Ya mai karatu, in likita ko nas ne ya rubuta maka bitamin D, ko ya rubuta wa jaririnki, kada labarinmu ya sa a daina. A sha yadda aka faɗa, a tambaya da kyau ko kullum ne ko mako-mako, a kuma tambayi ranar dainawa. In kuwa wani ne ya faɗa maka a waya ko a kasuwa ko a bakin coci, ka fara zuwa wurin ma'aikacin lafiya tukuna. Shawarar da ta dace da mai zama a Ingila cikin Janairu ba lalle ta dace da mai zama a Zariya ko Maradi ba.

Ku duba lambar da take jikin kwalba. In ta wuce 4,000 IU, ba ta shan kullum ba ce sai da umarnin likita. Ku lura kuma ko mutum yana shan abubuwa biyu ko uku da kowannensu yake da bitamin D a ciki, kamar man hantar kifi da ƙwayar bitamin gauraye da ƙwayar kalsiyam, gama duka suna taruwa wuri ɗaya. Mai shan bitamin D in ya fara yawan ƙishirwa da fitsari, da taurin bayan gida, da amai, ko ruɗewa, a dakata da shi a kai shi asibiti ran nan. Sa'ad da za ku tafi kuwa, ku zuba duk abin da yake haɗiya a leda ku tafi da shi, na kemis da na gargajiya da wanda aka aiko daga waje. Kada ku zaɓa wa likita abin da ya cancanci a kira magani. Da mun yi haka a daren farko, da ba mu kwana muna tsoron ciwon daji ba. Matambayi ba ya ɓata.

Watanni suka wuce kafin kalsiyam ɗin Mama ya zauna daidai, domin abin da jiki ya ajiye a kitse a hankali yake fita. Ƙodarta ba ta koma kamar dā ba, muna kai ta awo bayan kowane wata uku, an kuma hana ta waɗansu magungunan ciwon jiki da takan sha. Mun gode wa Allah da ya bar mana ita. Mun durƙusa mun roƙe ta gafara, ta ce ba ta ga laifin da za ta yafe ba, ƙauna ce ta yi gaggawa. Gwiwar tana nan tana ciwo da hunturu, ana shafa mata magani, maigida kuma ya sa kafinta ya yi mata kujera mai hannu, ta daina dafa bango. Kwalbar muna ajiye da ita a cikin akwati, ba kome a ciki, domin mu nuna wa duk wanda ya zo yana yabon mai ƙarfi.